Yadda na canza kirank ɗin keken tserena a Jos, sati shida kafin ya zauna daidai

Wannan rubutun na yi shi ne saboda 'yan uwa masu hawan keken tsere, musamman mu na Jos, don aikin canza kirank, wato hannuwan feda da farantan da ke jan sarƙa, da bai kamata ya wuce yini ɗaya ba ni sai da ya ci min sati shida da kuɗin da har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Keken nawa ɗan gwanjo ne irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, firam ɗin alminiyam, giya 9 a baya, faranti biyu a gaba, na kai shekara uku ina hawansa ban taɓa sunkuyawa na ƙirga haƙoran farantan ba, ni dai in hau in taka. To wanda ya san garin nan ya san ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne irin Kano, duk inda ka nufa sai ka gamu da hawa, kuma mun fi mita 1,200 sama da teku, numfashi ma sai ka lallaɓa shi. Duk ranar Asabar da muka fita ta hanyar Lamingo wajen duwatsun Shere, da an fara hawa sai in ga abokan tafiya suna zaune a sirdi ƙafarsu na juyawa sumul, ni kuwa na tashi tsaye ina dannawa da dukkan ƙarfina duk da na sa giya mafi laushi. Daga baya gwiwar dama ta fara min ciwo, in na zo sujada sai na ji ta, sannan ga wata ƙara ƙyas ƙyas da ke fitowa daga ƙasan keken duk sanda na danna feda ta hagu.

Wata Asabar mun tsaya shan shayi sai wani abokina ya durƙusa ya leƙa farantina ya ce mutumina ai kai farantai masu haƙori 53 da 39 kake takawa, wannan na 'yan gasa ne masu cinyar ƙarfe, mu duk 50 da 34 muke da shi, shi ake kira kwamfat. Ya nuna min lambar a jikin farantin, ashe tana nan rubuce tun ranar da na sayi keken. Da na koma gida na zauna da biro na yi lissafi: giyata ta baya mafi girma haƙori 25 ce, tayar kuma zagayenta kusan mita 2.1 ne, kenan da faranti mai 39 duk juyin feda ɗaya ina tura keken mita 3.3, da mai 34 kuwa mita 2.9 ne. A takarda kamar ba wani abu ba ne, amma a kan hawa wannan bambancin shi ne tsakanin ka zauna ka juya da ka tashi kana kokawa. Nan na ƙudurta sai na canza.

Tunanina na farko shi ne in sayi ƙaramin faranti mai 34 kawai in ɗaura, in bar sauran yadda suke. Na shiga kasuwar Taminus na zagaya wajen masu kayan keke, yawancinsu kayan Phoenix da kekunan yara da na hawan dutse suke da su, da ƙyar na samu wani yaro da ya zaro min tsohon faranti mai 34 daga cikin buhu, na ba shi dubu huɗu na taho ina murna. Da na zo gida na kara shi a jikin nawa sai na ga ramukan noti biyar ɗin ba su yi daidai ba ko kaɗan, nasa sun matso ciki. Sai daga baya na gane akwai awon da'irar da notunan suke zaune a kai, tsohon kirank irin nawa milimita 130 ne, na kwamfat 110, kuma a kan mai 130 ba za ka iya sa faranti ƙasa da haƙori 38 ba don ramukan notin za su ci wurin haƙoran. Wato babu gajeriyar hanya, sai dai a cire kirank ɗin gaba ɗaya, hannuwan feda biyu da farantai da sandar tsakiya. Yaron ya ƙi karɓar kayansa, ban kuma ga laifinsa ba tunda ni na zaɓa da hannuna.

Kuskure na biyu shi ya fi zafi. A wani guruf na WhatsApp na masu keke wani mai sayarwa a Legas ya sa hoton kirank mai kyau, baƙi, 50 da 34, ya ce dubu 55. Na yi masa magana na ce oga zai shiga kekena? ya ce in dai keken tsere ne zai shiga, ni ma ban tura masa hoton ƙasan keken ba shi ma bai tambaya ba. Na yi tiransifa na tura masa shaidar biya, ya ba direban mota ya turo min lambar direban da hoton ƙullin. Kwana biyu ina kira, yau a ce suna Lokoja gobe a ce motar ta lalace, ranar da ta iso na je tasha tun ƙarfe goma ban karɓa ba sai bayan la'asar saboda kayana suna can ƙasan lodi, na biya dubu biyar kuɗin kawowa, yaran tasha ma suka karɓi nasu. Na buɗe a gida, kaya lafiyayye babu ko ƙwarzane, amma sandarsa gajera ce mai kauri, wani irin kauri da ko ido ya san ba za ta shiga inda tawa take ba. Irin wanda ake kira BB30 ne, kaurin sandar milimita 30, an yi shi ne don firam ɗin da ake danna boris a ciki ba tare da tiredi ba, wato zaren da ake murza noti a kai, nawa kuwa mai tiredi ne. Wallahi jikina ya yi sanyi a daren nan, uwargida ta ga na yi shiru ta ce lafiya? na ce mata na yi asara ne da gaggawa. Mutumin ya yi kirki ya yarda ya karɓa amma ya cire dubu biyar, ni kuma na sake biyan kuɗin mayarwa, sai da aka yi kwana goma kafin kuɗina su dawo.

A tsakanin nan na kai keken wurin wani dattijo mai gyara a unguwarmu don a fara cire tsohon kafin in sayi wani. Mutumin kirki ne, tun ina yaro yake mana faci, amma aikinsa na kekunan gida ne masu kwata fin, waɗanda ake bugewa da guduma su fita. Ya kwance notin tsakiya ya ja hannun fedar ya ƙi motsi, sai na ga ya ɗauko guduma da wani guntun ƙarfe ya saita a bayansa. Bugu biyu ya yi na riƙe hannunsa na ce Baba don Allah a dakata, ya ce ɗana ai haka ake yi, shekara nawa ina wannan aikin. Na ba shi haƙuri na ce zan dawo, na ba shi na goro na tura kekena gida. Har yau shatin bugun nan biyu suna jikin tsohon kirank ɗin, kuma da ya ci gaba boris ɗin ko firam ɗin ne za su ji a jikinsu. Irin wannan kirank ɗin mai sanda kusurwa huɗu a matse yake zaune, akwai ƙarfen da aka yi musamman don zare shi, fula ake ce masa, kana ɗaura shi a tiredin cikin hannun fedar ka juya shi ya turo hannun waje a hankali ba tare da an daki komai ba.

Abokin nan nawa shi ya haɗa ni da wani tsohon ɗan tsere da ke zaune wajen Bukuru, kowa Koci yake ce masa, yana gyara a wani ɗan ɗaki a cikin gidansa ba shi da allo ba shi da shago. Ranar farko da na je bai taɓa sifana ba, kifar da keken ya yi ya goge ƙasan da tsumma ya ɗauko ma'auni ya ce ɗan samari zo ka gani da idonka. Faɗin bututun da sandar ke ratsawa milimita 68, yana da tiredi, irin wanda ake kira na Ingila ko BSA, ya ce da 70 ne da sai mu ce na Italiya ne kuma kayansu ba sa shiga juna. Ya juya hannun fedar ya nuna min wata lamba a ciki kusa da ramin feda, 175, wato tsawon hannun a milimita, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce wannan na dogon Bature ne, kai 170 ya ishe ka, wannan ma yana cikin abin da ke damun gwiwarka don duk juyi sai ta lanƙwashe fiye da kima. Ya ƙirga giyar baya ya ce 9, to ka nemi kirank na giya 9, a kayan Shimano sunansa Sora, Claris na 8 ne, Tiagra na 10, daga 105 zuwa sama sarƙarsu ta fi taka siriri. Ya rubuta min a bayan kwalin sabulu: Sora, 50/34, 170, da BB mai tiredin Ingila na sanda mai kaurin milimita 24, BB shi ne gidan boris ɗin da sandar ke juyawa a ciki. Ya ce kada in yarda a aiko min kirank babu BB ɗinsa, don sabon sandarsa a manne take da hannun dama, tsohon BB ɗina ba zai yi masa aiki ba. Na tambaye shi ko in ƙara kuɗi in nemi Ultegra na hannu, ɗaya daga cikin manyan samfuran Shimano, tunda ina ganin suna yawo da araha, ya ce in bi a hankali, a 2023 kamfanin da kansa ya fitar da sanarwar a kawo wasu Ultegra da Dura-Ace masu giya 11 da aka ƙera kafin Yulin 2019 a duba su saboda inda aka manne su yana iya rabuwa, sannan ma ba su ne daidai da giyata ba.

Da wannan kwalin na samu kayan a Abuja wurin wani mai shagon keke. Wannan karon sai da na sa ya yi min bidiyo yana juya kirank ɗin, ya nuna min lambar 170 da lambobin farantai, ya matso da kyamara kan haƙoran in ga ba su yi tsini kamar ƙaya ba, don haƙorin da ya cinye haka yake komawa, ya kuma nuna min hannun hagu da notunansa biyu da ɗan murfin roba da ke rufe gefen. Na hannu ne amma mai tsafta, dubu 68, sabon BB dubu 16, na ce ya rubuta rasit ya sa a ciki da sharaɗin in bai shiga ba zan mayar. Da safe ya ba mota, kafin magariba kaya suna hannuna, kuɗin kawowa dubu uku.

Ranar aiki na isa Bukuru ƙarfe tara da sanyin nan na hunturu mai sa yatsu su ƙage. Koci ya fara da feda tun keken na tsaye a ƙasa, ya ce feda ta hagu tiredinta a baibai yake, kuma ya koya min wata dabara da ban manta ba: in ka sa sifana hannunta na kallon sama, feda duk biyun baya ake tura su su kwance, BB kuma irin nawa duk ɓangarorin biyu gaba ake turawa. Ya cire notin tsakiya da alanki mai lamba 8, ya leƙa ciki ya tabbatar babu wasa, ɗan zoben ƙarfen nan na bayan noti, da ta maƙale, ya ɗaura fula da hannu har ƙarshen tiredi kafin ya sa ƙarfi, ya ce in ka ɗaura shi rabi zai cinye tiredin alminiyam ɗin daga nan sai dai a yanka. Juyi kaɗan hannun da ya gagari guduma ya zame ya fito. BB ɗin ne ya tsayar da mu. Na hagu ya fito ba gardama, na dama ya ce ba inda za shi, tsatsa da ruwan damina na shekaru sun haɗe shi da firam. Muka ja mu biyu ƙarfen kwance BB ɗin yana zamewa daga haƙoransa, sai Koci ya ce a'a, in muka matsa za mu lalata haƙoran mu rasa abin kamawa. Ya kwantar da keken ta gefen dama ya tsiyaya man sassauta tsatsa ta cikin ramin hagu ya ce je ka gida ka dawo gobe. Na hau mota na koma ba keke, duk hanya ina tunanin in tiredin firam ɗin ya mutu fa, keken gaba ɗaya kenan.

Washegari ya ɗaure ƙarfen a jikin sandar da dogon noti da wasa don kada ya zame, ya zura bututun ruwa a hannun sifana ya ƙara mata tsawo, ni na riƙe firam shi ya kwanta a kai a hankali. Sai muka ji ƙau, kamar an karya busasshen kara, gabana ya faɗi na ɗauka wani abu ya fashe, shi kuwa ya yi murmushi ya ce ya sallama. Da ya fito sai ga jan ruwa da ƙasa suna biyo shi, na juya sandar da yatsa ina jin gurus gurus kamar an zuba yashi, ƙarar da nake ji wata da watanni kenan. Ya ɗauki tsohon burushin haƙori da kananzir ya wanke tiredin tas, ya haska tocilan muka duba, lafiya lau, sai a sannan na sauke ajiyar zuciya. Ya shafa giris, ya nuna min kofunan sabon BB ɗin ɗaya an rubuta R ɗaya L da kibiyar inda ake juyawa, da bututun roba da ke shiga tsakaninsu, ya ce a keken tsere mai 68 ba a sa wata wasa a bayansu. Da yatsu ya fara ɗaura su har suka kusa ƙarewa, ya ce duk tiredin da ya ƙi tafiya da hannu tun farko to a karkace yake, ka dawo baya. Sannan ya matse da ƙarfensu, awon ƙarfin matse su Nm 35 zuwa 50 ne. Ya zura sandar ta dama ya buga da tafin hannu, ya sa hannun hagu yana kallon kishiyar na dama, ya ɗaura murfin robar nan da ɗan abin juyawa na roba, da yatsu kawai, ya ce aikinsa ya cire lilo ne ba ya riƙe hannun ba, masu matse shi da ƙarfi su ke kashe boris a wata biyu. Ya danna ɗan maɓallin tsaro da ke cikin tsagar, ya ɗaure notuna biyun da alanki mai lamba 5, wannan kaɗan wancan kaɗan yana komawa, har suka kai Nm 12 zuwa 14 a sifanarsa mai awo.

Na ɗauka an gama har na fara neman walat, ashe saura rabin aiki. Tunda babban faranti ya ragu daga 53 zuwa 50, abin canza giya na gaba ya zama yana rataye can sama, sai da aka sassauta zoben aka sauko da shi wajen milimita 6 har tazararsa da haƙora ta dawo tsakanin milimita 1 zuwa 3, aka sake jan waya, aka daidaita ƙananan sukurori biyun nan masu L da H don kada sarƙa ta faɗa ciki ko ta tsallake waje. Sarƙar kanta ta yi tsawo tana lilo, da ya sa ma'auni kuma ya ga ta miƙe, ya ce in ka ɗora tsohuwar sarƙa a kan wannan farantin ita za ta cinye shi, dole na sayi sabuwa ta giya 9 a wurinsa dubu 14, ya auna ta a kan babban faranti da babbar giyar baya ya ƙara gaɓa biyu ya yanke. Ya ɗaga sirdi milimita 5 saboda hannun fedar ya gajarta da hakan. Kuɗin aikinsa dubu takwas ya ce, na ba shi goma don kwana biyu ya yi a kai.

In zan sake daga farko, kafin in tura wa kowa ko sisi zan kifar da keken in ɗauki hoton ƙasansa, in auna faɗin bututun, in duba ko mai tiredi ne ko na dannawa, in karanta tsawon hannun feda, in ƙirga giyar baya, waɗannan huɗun su ne takardunka a wannan harkar, mai sayarwar da bai tambaye ka su ba kai ka tambaye shi. Kuma ka yi kasafin BB da sarƙa tun farko kada su zo maka ba shiri kamar yadda suka zo min, ni duka na kashe dubu 130 da ɗoriya kuma kusan ashirin a ciki asara ce kawai ta farantin da bai shiga ba da kai da kawowar kayan Legas. Sannan kar ka bari a kusanci keken da guduma ko da mai gyaran ubanka ne a unguwa, ka tambaya ko yana da fula da ƙarfen BB, in babu ka yi masa godiya ka nemi mai su. Abu ɗaya da zan faɗa tsakani da Allah, kwamfat yana da nasa rashin: a gangara mai tsawo da faranti mai 50 da ƙaramar giyar baya mai 12 ƙafata takan ƙure da wuri fiye da da, kuma tazarar haƙori 16 tsakanin farantan tana sa in na sauko ƙarami sai na ƙara giya ɗaya ko biyu a baya kafin ƙafa ta daidaita, na yi kusan sati biyu kafin hannuna ya saba. Wanda yake Abuja yana bin titunan da ba su da hawa sosai yana iya duba 52 da 36, amma mu nan 34 ɗin ita ce magana.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka koma hanyar Lamingo, wurin da na saba tashi tsaye na sauko kan 34 na zauna na ci gaba da juyawa har sama, babu ƙara, gwiwar ma ba ta ce komai ba sai ɗan tsami da yamma. Koci ya ce in dawo masa da keken bayan hawa uku ko huɗu ya sake duba notuna biyun nan na hagu, na kai masa ranar Talata, ɗaya ya ɗan saki kaɗan ya ƙara masa, ya ce saura kuma giyar baya, in na samu kuɗi mu nemi mai 28 ko 30 amma sai ya fara duba ko abin canza giyata na baya zai ɗauka.